Na karɓo takardar gwajin ƙasar gonata amma na kasa gane buhu nawa zan saya

Ɗan Soba:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya shirin damina. Don Allah masana ku taimaka min da fassarar wata takarda kafin na shiga kasuwa na yi aikin da-na-sani.

Ni malamin firamare ne, noma gadonsa na yi ba a aji na koya ba. Akwai gonar da mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, a wajen Soba, tun muna yara ake ce mata eka biyar wato dai hekta biyu, kuma masara muke sakawa kusan duk shekara sai dai wani lokaci a ratsa dawa. To shekara uku kenan abin sai ja da baya yake, taki iri ɗaya nake zubawa, kamfa 20-10-10 buhu takwas da yuriya buhu huɗu a gonar gaba ɗaya, amma bara da ƙyar na haɗa buhu 31, kuma tun masarar tana ƙarama ganyen ƙasa ya riƙa yin wani shunayya-shunayya ta gefe, ta ƙi tashi, ga wuta-wuta ta cika ɓangaren gabas kamar ita na shuka.

Wani abokin aikina ya ce na kai ƙasar gwaji, na ɗebo na kai, bayan sati biyu aka ba ni takarda. Gaskiya sun yi min bayani amma wallahi kafin na iso gida duk ya zube. Ga abin da ke ciki yadda na kwafo: pH 5.2, O.C. 0.5%, P an rubuta 5 kuma an ce ya yi ƙasa sosai, K matsakaici, Zn ya yi ƙasa. A ƙarshe suka ce a kowace hekta na sa N kilo 120, P2O5 kilo 60, K2O kilo 30, sannan laim tan ɗaya.

Na nuna wa mai sayar da taki a kasuwarmu ya juya takardar ya juya ya ce Malam kawai ka ƙara yuriya. Baffana kuma ya ce na yi asarar kuɗin gwaji, ƙasa ba ta da ciwon da kashin shanu ba ya warkarwa. To ni yanzu buhu nawa zan saya kuma wane iri? Shi wannan laim ɗin mene ne, a ina ake samunsa? Kuma maganar gaskiya albashi ne, kuɗin ba lallai ya kai duka ba, in ba zai kai ba wanne zan fara da shi?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Malam. Ba ka yi asara ba, takardar nan ma ta faɗa maka dalilin da ya sa gonar take ja da baya. Abin da ya rikita ka shi ne su da kilon sinadari suke magana, kai kuma da buhu kake saye.

Lambobin nan uku na jikin buhu kaso ne cikin ɗari, na farko nitrojin (N a takardarka), na biyu fosfaras (P ko P2O5), na uku fotash (K ko K2O). Buhu kilo 50 ne, to 15-15-15 yana nufin kowanne akwai kilo 7 da rabi a ciki. Shi 20-10-10 da kake saye, nitrojin kilo 10, fosfaras kilo 5, fotash kilo 5. Yuriya kashi 46 ce, wato kilo 23 na nitrojin zalla a buhu, babu komai bayan shi. Sufa kuma, wato takin fosfaras, wajen kashi 18 ce, kilo 9 na fosfaras a buhu, da ƙarin salfa da kalsiyam a ciki wanda mutane suke mantawa da shi.

Yanzu duba abin da kake yi. In gonar hekta biyu ce, kowace hekta tana samun kamfa huɗu da yuriya biyu, nitrojin 40 da 46 ya zama 86, fosfaras 20, fotash 20. Takarda ta ce fosfaras 60 kai kana ba da 20, kashi ɗaya cikin uku kenan, a ƙasar da dama babu shi. Wannan shunayyar da ka gani a ganyen ƙasa tun masara tana ƙarama alamar yunwar fosfaras ce, kuma da ka bi ta mai shago ka ƙara yuriya da ganye kawai za ta ƙara maka ba goyo ba, saiwar ce ba ta yi ba.

Lissafin hekta ɗaya. Hanya mafi sauƙi, 15-15-15 buhu takwas zai ba ka 60-60-60, saura nitrojin 60, ka raba da 23 ya ba ka biyu da rabi da ɗan wani abu, ka ce yuriya uku. Fotash ɗin ya wuce abin da aka ce amma ba zai cutar ba, aljihunka ne kawai ya ji. In kana son tsimi, 15-15-15 buhu huɗu, sufa uku da ɗan ƙari, yuriya huɗu. In kuma 20-10-10 ne kaɗai a kasuwarku, buhu shida, sufa uku da ɗan ƙari, yuriya biyu da rabi zuwa uku. In Allah Ya sa ka samu takin DAP, shi 18-46-0 ne, buhu ɗaya fosfaras kilo 23, biyu da rabi ya kusa kashe maganar, sai jan takin fotash MOP buhu ɗaya wanda shi ne kilo 30 cif, sai yuriya huɗu. Ka tambayi farashin kowanne ka buga a kalkuleta, wanda ya fi araha a kasuwarku shi ne naka, masara ba ta karanta sunan buhu.

Sai maganar pH. Ma'aunin tsamin ƙasa ne, 7 tsaka-tsaki, yana sauka tsami yana ƙaruwa, yana hawa ana tafiya wajen kanwa. Masara ta fi jin daɗi daga 5.5 zuwa wajen 7. Da zarar ya sauka ƙasa da 5.5 akwai alminiyam da ke cikin ƙasa da yake narkewa ya hana saiwa tafiya, sannan ya kama fosfaras ɗin da ka zuba ya riƙe, kai ka biya kuɗi shuka ba ta samu ba. Kuma yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gida ba tana cikin abin da ke ƙara tsamin nan. Laim garin dutse ne, irin dutsen da ya sa aka kafa kamfanin siminti a Ashaka da Kalambaina, a niƙa shi ya yi laushi. Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya zuba siminti a gona, kuma farar ƙasar magina da ake shafe da ita tana da zafi tana ƙuna, ka nemi na noma wajen manyan dilolin kayan gona ko ofishin ADP, wato hukumar bunƙasa noma ta jiha, na yankinku su nuna maka hanya. Tan ɗaya buhu 20 ne. Ana watsa shi ne a bi da haro ya gauraya da ƙasa, in da hali wata guda ko fiye kafin shuka domin sai ya samu danshi yake aiki a hankali, kuma ba duk shekara ba ne, in ka sa yana ɗaukar 'yan shekaru. Kar ka haɗa shi da yuriya wuri ɗaya ko rana ɗaya, nitrojin ɗin iska zai bi.

Amma kafin ka kashe ko sisi ina da tambaya biyu. Yaya ka ɗebi ƙasar da ka kai? Sannan eka biyar ɗin nan an taɓa aunawa ko dai faɗa ake yi?

Baba Na Tudu:

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ni waya sai dai kira. An karanta min maganarka yaro kuma an karanta min ta malamin gona, lissafinsa ban ja ba don ban iya ba, amma baffanka ma kar ka raina maganarsa.

Lokacin da muka taso in an gama girbi Fulani muke roƙo su sauka a gona, a ba su damin dawa su kwana ashirin ko wata, duk inda shanu suka kwana shekara uku kana ganin wurin daban. Kara kuma ba kwashe shi ake ƙarƙaf ba. Yanzu fa? An cire masara an kwashe kara an sayar, wanda ya rage an cinna masa wuta, harawa an ɗaure an kai kasuwa, gawon da ke tsakiyar gona an sare an yi gawayi, sannan a zo da buhu a ce ƙasa ta ba da abin da take bayarwa da. Wa ka taɓa gani ana tatsa ba a ba shi dusa? Wuta-wutar nan da ka gani ita ce shaidar gona ta gaji, ba ta cika kama gonar da ke kusa da gida inda ake zuba shara da toka ba, je ka duba.

Ni shawarata ko amalanke goma ne ka kai takin turke kafin ruwa ya sauka, ka tara tokar gidanku da ta maƙwabta. Sauran kuma ka bi ta masu boko.

Malamin Gona:

Baba Allah Ya ƙara girma, ai maganarka tana cikin takardar ma, turanci ne ya ɓoye ta. Wannan O.C. 0.5% ɗin ma'aunin ruɓaɓɓen abu ne a cikin ƙasa, kashi da ganye da kara da suka narke, kuma rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya yi kaɗan ƙwarai, yawancin gonakin tudu na Arewa da aka daɗe ana nomawa haka suke ƙasa da ɗaya. Shi ne yake riƙe ruwa ya riƙe takin zamani kar ruwan sama ya wanke shi. Toka ma tana rage tsami kuma tana da fotash, sai dai ba ta kai laim ƙarfi ba kuma tokar da za ta ishi hekta ba ta gida ɗaya ba ce. Inda zan ɗan bambanta da baffan Ɗan Soba shi ne kashin shanu fosfaras ɗinsa kaɗan ne, amalanke goma ba za su cike ramin kilo 60 ba a damina ɗaya.

Ɗan Soba:

Na gode ƙwarai Malam, Baba na gode Allah Ya ƙara lafiya. Yanzu na fara ganin haske, ashe shekara uku nitrojin nake ta turawa.

Maganar ɗiban ƙasa kuma, to a nan ina jin na yi kwaɓa. Ni dai na je ɓangaren gabas inda abin ya fi lalacewa na kankaro ta sama da fartanya wuri uku na zuba a leda, don a tunanina mara lafiya ake kai wa likita. Ɓangaren yamma da ke gangarawa wajen rafi ban taɓa shi ba, kuma can ƙasar ta fi duhu, gabas ɗin ja ce mai tsakuwa. Awo kuwa ba a taɓa yi ba, tun kakanmu ake cewa eka biyar.

Malamin Gona:

To ka ga amfanin tambaya. Takardarka ba ƙarya ta yi ba amma labarin gabas kawai ta ba ka, shi ma na fatar sama. Kar ka ɗauki laim tan biyu ka watsa har yamma da wannan takardar, in can ba ta da tsami ka yi asarar kuɗi, kuma laim in ya yi yawa yana ƙara ɓoye zink, wato Zn ɗin takardar, wanda dama an ce ya yi ƙasa.

Yadda ake yi, duk inda launin ƙasa ko gangara ta bambanta gona daban ce a wajen gwaji. Ka shiga ɓangare ɗaya kana tafiya kana karkacewa hagu da dama kamar tafiyar maciji, ka tsaya wuri 15 zuwa 20, kowane wuri ka share ciyawar sama ka haƙa zurfin santimita 20, kamar taƙi ɗaya, taƙi na hannu fa ba taki ba, ka yanko ƙasar daga sama har ƙasa kauri ɗaya. Ka guji gindin gawo da kuka, da suri, da bakin hanya, da inda aka taɓa jibge taki ko aka ƙona kara, waɗannan wuraren za su yi maka ƙaryar arziki. Duka ka zuba a bokitin roba mai tsabta, ba buhun taki ba kuma ba bokitin ƙarfe ba tunda ana duba zink, ka cakuɗa sosai ka ɗebi kamar rabin kilo ka shanya a inuwa, ka rubuta sunan ɓangaren da abin da aka noma bara da abin da za ka shuka bana. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi alhali shawarar masara daban ta waken suya daban a ƙasa ɗaya.

Awo kuma ka samu yaro mai babbar waya, akwai manhajar auna fili da GPS, ya zagaya iyakar gonar da ƙafa. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Na sha auna gonar da ake rantsuwa eka biyar ce ta fito uku da rabi.

Maman Khalifa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Soba ni kiwon kaji nake kuma ina ɗan noma a wajen Saminaka, abin da zan ƙara kaɗan ne daga abin da ya same ni.

In za ka sayi kashin kaji ka saya tun yanzu da rani kafin kowa ya farka farashi ya tashi, kuma kar ka zuba ɗanye a gindin shuka, na taɓa yi da zumuɗi masara ta ƙone layi guda kamar an zuba mata ruwan zafi. Ka tara shi ka yayyafa ruwa ka rufe ka riƙa juyawa har zafin ya fita warin ya canza. Shi ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba kuma ba ya kawo irin ciyawa kamar na shanu. Bolar birni kuwa da ake kawowa a tifa ni na daina, rabi leda ce da fasassun kwalabe da tsohon batir.

Na biyu, wurin da wuta-wuta ta kama ɗin nan me zai hana bana ka huta da masara ka sa waken suya? Shi ba ya son yuriya, sufa yake so, ka shafa wa irin maganin nan Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA kafin shuka ya riƙa ɗaukar nitrojin daga iska da kansa, kuma wuta-wuta ba ta kama shi, wasu irin ma suna sa ƙwayarta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Ni shekara biyu na yi haka a wani yanki kafin na mayar da masara, ban ce ta ƙare ba amma ta ragu sosai. Kuma in ta fito ka tuge kafin ta yi fure ka fitar da ita daga gonar, in ta zubar da iri shekaru yake yi a ƙasa yana jiranka.

Na uku ku yi hankali da taki na jabu, duk lissafin Malamin Gona a kan buhu mai gaskiya yake. Akwai shekarar da na sayi kamfa a wajen wani da ke sayarwa a tiya, da na jiƙa a kofi rabin yashi ne ya kwanta. Yuriya ta gaske in ka zuba cokali a ruwa narkewa take tas kuma kofin ya yi sanyi a hannunka. Ka sayi buhu a ɗinke daga dila da aka sani ka karɓi rasit, tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a ƙasar nan amma kafin doka ta iso ƙauye damina ta wuce.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Ni ina karanta buhu takwas buhu goma sha ɗaya ina dariya, mu nan in talaka ya samu tiya biyar ta takin zamani sai godiya. Ƙasarmu jigawa ce kuma ita ma fosfaras ne babban ciwonta, shi ya sa masu bincike na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka koya muna sa taki ɗan kaɗan cikin gurbi lokacin shibka maimakon watsawa. Giram 6 na 15-15-15, cikin marfin kwalbar lemo kenan, ko giram 2 na DAP wanda ɗan tsunkule ne da yatsu uku, ga kowane gurbin hatsi, wato gero. Wanda ya gwada layi biyu kusa da juna ba ya buƙatar wa'azi, tun ga fitowa ake ganin bambanci. Wajen Tawa kuma inda ƙasa ta yi fako suna haƙa tassa, wato ƙananan ramuka, da rani su zuba hannu guda na takin gida a rami, gara ta shiga ta buɗe ƙasar ruwa ya zauna.

Na san hatsi ba masara ba ne, masara ciki gare ta, marfi ɗaya ba ya isar ta har girbi. Abin da nike nufi shi ne in kuɗi ya gaza kar ka watsa, ka kai shi bakin saiwa. Kuma mu ma an gargaɗe mu, wannan dabara in babu takin gida da mayar da kara tana ƙarasa tsotse ƙasa ne.

Na Kadawa:

slm. ni gargadi kawai zanyi ma masu karantawa suna cewa nima bari in nemo laim. wlh kar kayi sai ka gwada taka. mu nan wajen Kadawa da Kura noman rani muke da ruwan Tiga, matsalar wasu filayen mu akasin tashi ce, kanwa ce take tasowa kaga kasa tayi fari fari da rani ruwa ya kwanta yaki shiga, tumatir ya tsaya cak. irin wannan in ka zuba laim ko toka ka kara mata ciwo ne, ita sai gyaran magudana da jibsam da takin gida. wani makwabcina yaji a rediyo ana maganar toka ya kwaso ta gidan burodi ya zuba a irin wannan wurin, shekarar ko kudin iri bai mayar ba. takardar wani ba taka bace ko da gonar ku na hade

Malamin Gona:

Na Kadawa ya gama magana. Bari na amsa tambayarka ta ƙarshe Malam Ɗan Soba, ta in kuɗi bai kai ba, don ita ce tambayar kowa.

Ni a ganina gara ka yi hekta ɗaya ka cika mata abincinta da ka raba rabin abinci a hekta biyu, domin kuɗin huɗa da noma da maganin ciyawa da girbi na hekta biyu za ka biya ka kwashi amfanin ɗaya. Shawarar Maman Khalifa ta zo daidai, gabas waken suya da sufa, yamma masara. In za a rage wani abu a lissafin masarar, fotash za a fara ragewa tunda matsakaici ne, fosfaras kuwa kar a taɓa shi. Shi nitrojin 120 ɗin ka sani ba wai sun auna sun ga saura 120 ba ne, nitrojin ba ya zama wuri ɗaya balle a auna shi haka, adadin da aka saba ba masara ne a yankinmu ga mai ingantaccen iri irin su SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru ko haibirid, mai cikakkiyar shuka, mai noma a kan lokaci. In tsohon iri ne na rumbu kuma shukar tsalli-tsalli, ba za ta iya cinye 120 ba, ka sauko wajen 90 ka sa canjin a iri mai kyau.

Yadda za a sa takin ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Kamfa da sufa duka lokacin shuka ko cikin kwana goma zuwa sati biyu, don fosfaras tun tana jaririya take nemansa kuma ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake. A soka rami kamar yatsa uku zuwa huɗu daga gindin, zurfi ma haka, a zuba a rufe. Yuriya sati huɗu zuwa shida, masara ta kai gwiwa, ƙasa da danshi, bayan an yi noma ba cikin ciyawa ba, ita ma a binne. Wannan ajiye ta a sama da yara suke yi a tafi, rana ta buga, wani kaso mai yawa iska yake bi, in kuma ruwa mai ƙarfi ya sauko ya tafi da ita rafi. Na san binnewa tana cin kuɗin ƙwadago amma ka kwatanta da kuɗin buhu.

Ga awon da za ka ba 'yan aiki. In tsakanin kunya santimita 75 ne, tsakanin rami 50, ƙwaya biyu a rami, hekta tana da rami wajen 26,600. Buhu takwas kilo 400 ne, kowane rami giram 15 kenan, murfin lemo biyu da rabi. Yuriya kilo 130 zuwa 150 kuma giram 5 ko ɗan fi a rami, wajen murfi ɗaya, amma ita ba nauyinsu ɗaya da kamfa ba don haka ka auna murfinka sau ɗaya a ƙaramin sikeli, ko na masu sayar da zinari ne, ka tabbatar. In ba ka ba su ma'auni ba za su cika hannu a layukan farko taki ya ƙare kafin a kai ƙarshen gona.

Zink ɗin ɗan kaɗan ake buƙata, alamarsa farin zane a sabon ganye. Ka koma wajen waɗanda suka yi gwajin su rubuta maka adadi, ko na zubawa ko na feshi, kar ka yi kintace.

Laim kuma tunda buhu 20 da kuɗin mota ba wasa ba ne, ka gwada a kwatan hekta a gabas, buhu biyar, ka kafa turaku ka bar na kusa da shi babu. A masarar ma ka bar kunya biyar ka yi musu yadda ka saba, ranar girbi ka auna daban. Wannan ne kaɗai zai raba gardamarka da baffa. Bayan shekara uku ka sake gwaji a irin lokacin da ka ɗebi na bana.

Ɗan Soba:

Jama'a na dawo da rahoto. Ranar Asabar na ɗauki ɗan yayata da wayarsa muka zagaye gonar sau biyu don ban yarda da na farko ba, hekta 1.6 ta fito, wato eka huɗu ma da ƙyar. Shekara da shekaru ina biyan masu tarakta kuɗin eka biyar ba wanda ya taɓa ce min uffan. Yamma ta kusa hekta ɗaya cif, gabas 0.6.

Na sake ɗiban ƙasa yadda Malamin Gona ya ce, bokiti biyu daban, wuri 18 a yamma 15 a gabas, da muka haƙa taƙi ɗaya a gabas sai ga jar tsakuwa tun ba a je ko'ina ba, yamma kuwa har ƙasa baƙa-baƙa ce da tana a ciki. Na kai jiya sun ce sati biyu. Kafin nan ba zan sayi kamfa ba, amma na riga na kama kashin kaji buhu 30 na jibge a gindin mangwaro na rufe da tsohuwar tabarma kamar yadda Maman Khalifa ta ce, kuma matan gida sun fara tara toka a tsohon daro. Gabas waken suya insha Allah.

Baffa da na karanta masa maganar Baba Na Tudu ya ce to ai ga mai hankali ɗaya a cikin wayar taku. Ya yarda da kunya biyar ɗin gwaji amma da sharaɗin shi zai zaɓi wurin kuma shi zai riƙe awo ranar girbi, wai kar 'yan boko su yi masa maguɗi.

Abin da ya rage min sufa ce, na zaga kasuwarmu shago huɗu babu, kowa kamfa da yuriya. Wanda ya san inda ake samunta a Zariya ko Kaduna buhu a ɗinke ya taimaka ya faɗa, kuma in akwai na kusa da Soba ko Maigana da shi ma aka rubuta masa laim ya yi magana mu haɗa kuɗin mota, buhu biyar kawai nake so ba zan iya ɗaukar shata ni kaɗai ba.